Ƙanena Ya Warke, Amma Ba Shi Muka Dawo da Shi Gida Ba

TAMBAYA

 Ina rubuto wannan wasiƙa ne a kan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan shekara 27. Acaɓa yake yi. Shekara biyu ke nan da wata mota ta kwashe shi yana dawowa daga kasuwar ƙauye, kansa ya daki kwalta. Kwana huɗu ya yi bai san wanda ke kansa ba, sati uku muna jinya a asibiti. Ranar da aka sallame mu da ƙafarsa ya fito, yana gane kowa, muka yi ta hamdala, har sadaka aka yi.

Sai dai yaron da muka kai asibiti ba shi muka dawo da shi ba. Da can ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Yanzu abu kaɗan sai ya hau sama. Ga mantuwa, a aike shi ya dawo hannu Rabbana. Kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. Magana in ta zo masa, ko a gaban surukai ne sai ya faɗe ta. Matarsa ta yi yaji sau biyu, a na uku ba ta dawo ba. Wani lokaci in same shi a zaure shi kaɗai yana hawaye. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Wasu suka ce ƙwaya ya fara sha.

Watan jiya suka yi sa'insa da mai faci a kan naira 200, ya ɗauki ƙarfen cire taya ya kwaɗa masa, ya karya masa hannu. Yanzu yana gidan gyaran hali yana jiran shari'a. A caji ofis ya sa hannu a wata takarda, da na tambaye shi abin da ke ciki ya ce bai tuna ba. Kawunmu ya ce a nemo takardar likita da za ta ce mahaukaci ne, sai a sake shi. Mahaifiyarmu ta ce ba za a liƙa wa ɗanta hauka ba, ga ƙannensa mata ba su yi aure ba. Ni na rasa tudun dafawa. Shin faɗuwar da ya yi tun shekara biyu za ta iya jawo wannan? Hauka ne? Kuma kotu za ta duba?

Wata yaya, daga jihar Katsina

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya ba mai facin lafiya, ya kawo wa ƙanenki mafita. Da gangan na fara da mai facin, za mu dawo kansa.

Eh, faɗuwar za ta iya jawo duk abin da kika lissafa. Hukuncin ƙarshe na likitan da zai duba shi ne, amma wasiƙarki ta yi kama da abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke ji kullum daga bakin mata da iyaye: jiki ya warke, hali ya tafi.

Ƙwaƙwalwa ba ta da ƙwari. Laushinta bai wuce na awarar da ba a soya ba, kuma a cikin ruwa take zaune a cikin ƙoƙon kai. Idan mutum na gudu a babur kansa ya haɗu da kwalta, ƙoƙon zai tsaya cak, ita kuwa ba ta tsaya ba, sai ta daki bango, ta dawo ta daki ɗaya bangon. Ƙashin da ke bayan goshi da saman ramin idanu ba sumul yake ta ciki ba, yana da kaushi da tudu-tudu. Shi ya sa ko ta ƙeya mutum ya faɗi, sau da yawa gaban ƙwaƙwalwar ne ke kwana a ciki. Can gaba-gaban nan kuwa ba shi ke sa mutum tafiya ko gane fuska ba. Aikinsa auna magana kafin ta fita, da tsara abin da za a yi gobe, da riƙe aike a ka har a isa kasuwa, da haɗiye fushi. Kunyar surukai ma a nan take zaune. To kin ga yadda mutum zai fito asibiti da ƙafarsa, ya gaisa da kowa da sunansa, alhali abin da ya lalace bai fito fili ba tukuna. Sai an koma harkar yau da kullum, an fara cuɗanya da fasinja da mata da masu bin bashi, sannan ɓarnar take bayyana.

In faɗa miki da yaren sana'arsa: inji lafiya, taya lafiya, birki ne ya tsinke. Ni da ke ma muna jin zafi idan aka yi mana gardama a kan canji. Amma tsakanin tasowar zuciya da ɗaga hannu muna da ɗan taƙi, a cikinsa ne muke tuna Allah, mu tuna 'yan sanda, mu tuna mutuncin gida. Shi wannan taƙin ne ya ƙanƙance masa. Abin da ya fi ci wa iyali rai kuma shi ne, sau da yawa mai wannan rauni ba ya ganin ya canza. A wurinsa ku ne kuka canza masa.

Kada kuma wani ya rufe miki baki da cewa an ɗauki hoton kansa an ce ba komai. Hoton siti sikan da ake yi ranar hatsari jini yake nema da karayar ƙashi, abin da zai kashe mutum a daren. Ƙananan jijiyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa da juna, waɗanda girgiza ke tsinkawa, ba lallai su fito a cikinsa ba.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Ranar 13 ga Satumba 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi a ramin dutse da sandar ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kilo shida, ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, bai daina magana ba. Amma likitansa, John Harlow, ya rubuta daga baya cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai ashar, marar haƙuri, mai ƙulla shiri ya watsar, har abokansa suka ce ba shi ba ne. Yawanci a nan ake yanke labarin. Ragowar ta fi amfani a gare ki: Gage ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a doguwar hanya, aikin da ba ya yiwuwa sai da kiyaye lokaci da iya zama da mutane. Wato an samu sauƙi sosai. Ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi.

Hawayen zauren nan ya fi tsaya mini a rai fiye da faɗan. Wani bincike da aka buga a 2010 ya bi mutum 559 da aka kwantar a birnin Siyatil saboda raunin ƙwaƙwalwa, aka tarar kashi 53 cikin 100 sun shiga ciwon damuwa mai tsanani a cikin shekarar farko. A Denmak kuma, da aka duba bayanan mutum sama da miliyan bakwai, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cewa haɗarin kashe kai ya kusa ninkawa ga waɗanda suka taɓa samun irin wannan rauni. Ɓangare na raunin kansa ne, ɓangare kuma na asarar da ta biyo baya. Ki duba ƙanenki: mata ta tafi, mutunci ya zube, ga shi a tsare. Ranar ziyara ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce eh, ko ya yi shiru irin wanda bai kwanta miki ba, ki sanar da ma'aikatan lafiyar gidan da lauyansa a ranar.

Masu cewa ƙwaya yake sha, mai yiwuwa suna da gaskiya, amma wannan bai kore batun rauni ba. Da yawa daga ciwon kai da rashin barcin da ke bin hatsari suke faɗawa hannun masu kemis. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ba ta ɗaukar abin maye kamar da, kaɗan ke juya ta. Taramol kuwa yana iya tayar da farfaɗiya, ga shi mai raunin kai dama yana cikin haɗarinta. Ki bincika a hankali, ki faɗa wa likita gaskiya. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana, a ci gaba. Duka da ɗaurin mari da turnuƙe shi da hayaƙi ne ban yarda da su ba, don ba abin da suke ƙarawa sai wani raunin.

Dangantakar wannan rauni da aikata laifi ma an auna ta. Seena Fazel na Jami'ar Okisfod da abokan aikinsa sun duba bayanan Suwidin na shekara 35, suka buga a 2011. Cikin mutum kusan 23,000 masu raunin ƙwaƙwalwa, wajen tara cikin 100 aka samu da laifin ta da hankali daga baya, alhali a sauran jama'a bai kai uku cikin 100 ba. Don kada a ce tarbiyyar gida ce, suka gwada su da 'yan'uwansu na jini da ba su ji rauni ba, har yanzu haɗarin ya kai ninki biyu. A kurkukun Lids na Ingila an tambayi fursunoni maza 613, kashi 47 cikin 100 suka ce sun taɓa buguwa a ka. Ina so ki karanta lissafin Suwidin ɗin ta ɗaya gefen ma: 91 cikin 100 ba a same su da irin wannan laifi ba. Raunin na sassauta birki, amma ba ya ɗora wa mutum ƙarfe a hannu. Alƙali ma haka zai kalli abin.

Yanzu ga shawarar kawu. Ina ganin niyyarsa mai kyau ce, amma hanyar da ya nuna tana da rami.

Hauka a bakin mutanen gari daban, a bakin likita daban, a bakin doka kuma ƙofa ce 'yar tsukuku. Sashe na 51 na Final Kod ɗin Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, cewa ya yi ba laifi a kan wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa a lokacin da yake aikata shi, ko ya hana shi sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambar sashen ta canza, lauya zai duba na jiharku. Ki lura da abin da ake tambaya: sani. Ƙanenki ya san ƙarfe ne a hannunsa? Ya san mutum yake duka? Ya san duka laifi ne? Da alama ya sani. Abin da ya gagare shi tsayawa ne. Kiriminal Kod na Kudu, a sashe na 28, ya ambaci wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya raba shi da ikon sarrafa kansa. Namu na Arewa, wanda aka kwaso daga kundin Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860, bai sa wannan ba. Ga shi doka na ɗaukar kowa mai hankali ne, wanda ya ce ba shi da shi, a kansa nauyin kawo hujja yake.

Tushen wannan ma'auni wata shari'a ce ta Landan. A 1843 wani mutum mai suna Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, yana cikin ruɗun cewa 'yan siyasa na farautarsa. Kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali, gari ya ɗauka, daga nan manyan alƙalai suka tsara ƙa'idar da muka gada. Abin da nake so kawu ya ji shi ne ƙarshen mutumin. An wanke shi, amma bai sake taka gida ba. Shekara 22 ya yi a tsare a asibitocin masu taɓin hankali, a can ya mutu a 1865. Haka tsarin yake har yau a wurinmu. Wanda kotu ta ce ya aikata amma ba ya cikin hankalinsa, ba a ce masa tashi ka tafi. Ana ajiye shi a wurin tsaro sai ranar da hukuma ta gamsu, kuma babu ranar fita a rubuce. A shari'ar kisa, inda rai ke kan layi, wannan kariya na da ma'ana. A shari'ar karayar hannu, mutum na iya daɗewa a tsare fiye da wa'adin da za a yanke masa in da an same shi da laifin. Ballantana takardar da aka sayo. Likitan da ya sa hannu za a iya kiransa ya tsaya a gaban alƙali ya sha tambayoyi, in ta tashi ta tashi da sauran gaskiyarku.

Ba wai raunin ba shi da amfani a kotu ba ne. Yana da shi, sai dai ta wasu ƙofofin.

Ki fara da takarda ta gaskiya, wadda tana nan tana jiranki a asibitin da kuka yi jinya. Ki nemo katinsa da takardar sallama da hoton kai in kun ajiye, ki rubuta buƙatar rahoton likita. A cikin fayil ɗin akwai wata lamba, ma'aunin zurfin suma da wasu likitoci biyu na birnin Gilasgo suka fito da shi a 1974. Daga 3 yake zuwa 15. Takwas zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani, kuma wanda ya wuce kwana guda a sume dama ba a rukunin ƙaramar buguwa yake ba. Wannan fayil an rubuta shi shekara biyu kafin rigimar, don haka ba mai cewa don shari'a aka ƙirƙire shi. Ki haɗa da mutanen da suka san shi kafin hatsarin da bayansa: limamin unguwa, shugaban tashar 'yan acaɓa, har matar da ta tafi in za ta yarda. Kotu na sauraron irin wannan shaida. Sannan lauya ya roƙi kotu ta sa likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi, ta ba alƙali ikon dakatar da shari'a a duba lafiyar wanda ake zargi idan ana shakkar yana iya bin abin da ake yi har ya kare kansa.

Takardar caji ofis ɗin nan kada a raina ta. Mai raunin gaban ƙwaƙwalwa yana saurin gajiya da tambaya, yana saurin cewa eh don a ƙyale shi, wani lokaci ya cike gurbin abin da ya manta da abin da aka faɗa masa, kuma ya yarda haka aka yi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauya. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ba kotu damar ƙin karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar matsi ko a yanayin da ya sa ba abin dogaro ba ne. Amma sai lauya ya tashi ya yi magana a lokacin da aka miƙa takardar. In ta shige shiru, fitar da ita aiki ne.

Inda raunin ya fi nauyi shi ne wajen neman beli da wajen neman sassauci kafin yanke hukunci. A nan ba a tambayar ko ya sani. Ana tambayar wane ne wannan mutumin, me ya same shi, me zai hana a sake. Ingila ta fitar wa alƙalanta da ƙa'ida a rubuce, wadda ta fara aiki a Oktoban 2020, kan yadda za su auna irin wannan larura wajen hukunci, har da raunin ƙwaƙwalwa. A wurinmu, in lauya bai ɗauko zancen ba, da wuya wani ya ɗauko. In ba ku da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi, kuma kyauta take aiki ga marasa hali. Ki hanzarta. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke, fayil ɗin da ba mai bibiya kuwa ƙura yake sha.

In a kotun Musulunci maganar take, a nan ma hankali sharaɗi ne na hukunci, kuma malaman fiƙihu ba su tsaya a mai hankali da mahaukaci kawai ba. Sun yi maganar wanda haukarsa ke zuwa tana tafiya, da wanda hankalinsa ya raunana bai gushe ba. Amma ko wanda hankalinsa ya gushe ɗungurungum, ɗauke masa uƙuba ba ya share haƙƙin wanda aka raunata. Diyya tana nan.

Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Raunin hatsari ba a gadonsa, ba ya bin jini, ba abin da ya haɗa shi da auren ƙannensa. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa kuma ba shi ke mai da mutum mahaukaci ba. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ma an maye gurbinta da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Abin da ya kamata a rubuta wa ɗanta shi ne gaskiyar abin da ya same shi: rauni a ƙwaƙwalwa sakamakon hatsari, da sauyin hali da damuwar da suka biyo baya. Ciwon damuwa na da magani, farfaɗiya na da magani, saurin fushin ma ana rage shi da magani da horo da tsarin gida: barci a kan lokaci, aike ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta masa a takarda, kuɗi a hannun wani, kuma in ya fara ɗaukar zafi a janye maimakon a tsaya ƙure shi. In Allah ya sa ya fito, kada a miƙa masa makullin babur sai likita ya yarda, don buguwa ta biyu a kan ta farko ta fi muni. In kuma ya hau, da hular kwano ta gaskiya, ba irin ƙwaryar da wasu suka riƙa kifawa a ka ba lokacin da aka tilasta dokar a Janairun 2009.

Sai mai faci. Mutum ne da hannunsa yake ci, yanzu hannun na ɗaure, iyalinsa na jira. Laifukan raunatawa na cikin waɗanda doka ta buɗe wa ƙofar sulhu, wasu kai tsaye, wasu da izinin kotu, kuma alƙali na da ikon sa a biya wanda aka cuta. Ku je gidansa a satin nan, da dattijon da yake jin nauyinsa, da sanin lauyanku don kada a ce kun je toshe bakin shaida. Ku ɗauki kuɗin ɗori da na magani, ku tambayi abin da yake samu a rana, ku lissafa kwanakin da zai yi bai buɗe rumfa ba. A zaman farko kada kowa ya kawo maganar ƙwaƙwalwa, zai ji kamar kun zo wanke ɗanku ne. Ku duba shi, ku ba da haƙuri, ku ajiye abin da kuka zo da shi. Fayil ɗin asibiti ya jira zama na biyu.